Bangaskiya ga Allah: Mece ce Ita, a Kan Me Kuma Take Tsaye?

Duk wanda aka aika aikin bishara ko kiwon ikkilisiya a kudancin Jihar Jigawa, ko a Yalwan Damai ne, ko cikin garin Birnin Kudu, ko ƙauyukan Gwaram da suke iyaka da Jihar Bauchi, zai lura da abu guda tun makonsa na fari: da ƙyar a sami mai musun akwai Allah. Manomi yana ambatonsa kafin ya ɗora garma, ɗan kasuwa yana rantsuwa da shi, gaisuwar safe ma ba ta cika sai da sunansa. Saboda haka littattafan da aka rubuta a Turai domin rinjayar wanda ya ce babu Allah ba su cika biya mana bukata a nan ba. Tamu tambayar dabam ce. Masu bi a wannan yanki 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi masu riƙon addininsu da gaske. Ɗan ikkilisiya yana bukatar ya san abin da yake nufi sa'ad da ya ce ya ba da gaskiya, ya san wanda ya ba gaskiyar, ya kuma san dalilin da zai sa ya riƙe ta ran da gona ta ƙi, ko ɗa ya mutu, ko dangi suka juya masa baya.

Akwai kuma damuwa ta cikin gida. Wa'azi iri iri yana shigowa ƙauyukanmu ta rediyo da wayar hannu, wani da kyau, wani kuwa yana koya wa mutane cewa bangaskiya wani ƙarfi ne da mutum yake tarawa a cikinsa har ya tilasta wa Allah ya ba shi lafiya ko dukiya. Ƙarshen wannan koyarwa a bayyane yake. Mace ta yi jinyar mijinta wata da watanni da addu'a da azumi, ya rasu, sai wani ya zo ta'aziyya ya ce mata da bangaskiyarta ta kai, da bai mutu ba. An ɗora mata laifi a kan makoki ke nan. Idan fasto ko mai bishara ba shi da amsa daga Littafi Mai Tsarki, ko dai matar ta bar taron masu bi, ko ta zauna a ciki tana tsoron Allah irin tsoron da ake yi wa mai bin bashi.

Kalmar kanta

Hausa ta taimake mu a nan. Bangaskiya daga "ba da gaskiya" ta fito, kamar yadda muke cewa ban ruwa, ban girma, ban kwana. Ba a yin ban ruwa sai akwai shukar da za a ba, ba a yin ban girma sai akwai babba. Haka nan ba a ba da gaskiya a iska. Kullum akwai wanda ake ba. Masu fassarar da suka kammala Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932, sun yi dace da wannan kalma, gama tana hana mu ɗaukar bangaskiya a matsayin wani abu mai zaman kansa.

A Ibrananci, harshen yawancin Tsohon Alkawari, kalmar da ake fassarawa "ba da gaskiya" tana fitowa daga saiwar da take nufin abu mai tsayawa daram, wanda zai ɗauki nauyi. Daga wannan saiwa "amin" ta fito. Larabci ɗan'uwan Ibrananci ne, yana da saiwar nan shi ma, ta wurinsa kuma Hausa ta sami amana, aminci, amini, amintacce da imani. Ga shi kuwa waɗannan kalmomi duka suna bakin mutanenmu. Idan muka ce wa dattijo a Yalwan Damai bangaskiya ita ce mutum ya ba Allah amanar kansa domin ya tabbata Allah amintacce ne, mun faɗa masa abin da Ibrananci yake faɗi, ba mu kuwa bukaci wani dogon bayani ba.

Annabi Ishaya ya yi wasa da wannan saiwa a sura 7. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, sarakunan Suriya da Isra'ila suka haɗa kai za su auka wa Urushalima. Sarki Ahaz ya firgita. Annabin ya kawo masa alkawari cewa shirin nan ba zai yi nasara ba, ya kuma gargaɗe shi a aya 9 da kalma ɗaya mai fuska biyu: tsayawarsa a kan gadon sarauta ta rataya ne a kan tsayawarsa bisa maganar Allah. Ahaz bai musa akwai Allah ba. Yana da haikali, yana da firistoci. Amma 2 Sarakuna 16 ta nuna inda ya kai amanarsa: ya kwashi azurfa da zinariya daga haikalin ya aika wa Sarkin Assuriya ya zo ya cece shi. Ran wahala ne ake gane inda mutum ya jingina.

Sani, yarda, dogara

Malaman ikkilisiya na zamanin Gyara a ƙarni na 16 da waɗanda suka biyo bayansu sun saba rarraba bangaskiya kashi uku domin koyarwa: sani, yarda, da dogara. Tun kafin su, Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya bambanta tsakanin gaskata cewa akwai Allah, da gaskata abin da Allah ya faɗa, da kuma miƙa kai gare shi cikin ƙauna.

A ɗauki misalin manomin da ya kai buhunan riɗinsa kasuwar Sara, farashi bai yi masa ba, yana neman wanda zai bar wa ajiya. An gaya masa akwai wani mai shago, ga sunansa, ga rumfarsa, an ce ba ya cin amana. Wannan sani ne. Ya tambayi mutum biyu uku, suka tabbatar, shi ma ya ce lalle haka ne. Wannan yarda ce. Amma muddin buhunan suna kan amalankensa, bai ba da amana ba tukuna. Sai ya sauke su a shagon, ya juya ya kama hanyar gida hannu wofi, sa'an nan ya dogara.

Sani ba abin raini ba ne, ko da yake waɗansu masu wa'azi suna magana kamar ilimi abokin gāban bangaskiya ne. Manzo Bulus ya nuna a Romawa 10 cewa mutum ba zai kira ga wanda bai gaskata ba, ba zai kuwa gaskata wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Luka ya buɗe bishararsa da bayanin yadda ya bi diddigin al'amura daga shaidun gani da ido, domin mai karatu ya sami tabbaci. Ikkilisiyar da ba a koyarwa a cikinta, sai waƙa da rawa da shaida kawai, tana tara mutane masu zafin zuciya waɗanda ba su san wanda suke bi ba, kuma kowane baƙo mai daɗin baki zai iya kwashe su.

Amma sani da yarda ba su isa ba. Yaƙub 2:19 ta ba da misali mai ban tsoro: aljanu ma sun tabbata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki, ba su kuwa tsira ba. Tauhidinsu daidai ne, amanarsu ce ba su bayar ba. Wannan gargaɗi ya fi shafar mu ɗaliban tauhidi fiye da tsohuwar da ba ta iya karatu ba, gama mutum yana iya cin jarrabawa a kan koyarwar ceto alhali buhunansa suna kan amalanke. Katakizim na Haidelbag, wanda aka rubuta a Jamus a 1563, ya kama wannan da kyau a tambaya ta 21, inda ya nuna cewa bangaskiya ta gaskiya takan kai mutum ga amincewa cewa gafarar nan da ake shela ta haɗa da shi kansa. Mutane da yawa a bencinmu sun yarda Yesu ya mutu domin duniya. Ka tambaye su ko ya mutu dominsu, sai su sunkuyar da kai.

Ƙarfin yana wurin wanda aka dogara gare shi

A watan Agusta na 2021, ruwa ya cinye gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta faɗa ciki, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Muna ambaton wannan da juyayi, Allah ya ta'azantar da iyalansu. Mun kawo shi ne domin duk mutumin yankin nan ya san abin da damina take yi wa gadoji, ya kuma san gaskiyar nan ba tare da an koya masa ba: sakankancewar matafiyi ba ta ƙara wa gada ƙarfi, fargabarsa kuma ba ta rage mata. Mai rawar jiki a kan gada mai kyau zai haye. Mai ƙarfin zuciya a kan karyayyiyar gada ba zai haye ba.

Wannan ne ya sa da manzanni suka roƙi Ubangiji ya ƙara musu bangaskiya a Luka 17, ya mai da hankalinsu ga ƙwayar mastad, ƙwaya ƙarama irin ta riɗi. Su suna tunanin yawa, shi kuwa yana nuna musu cewa ko ƙanƙanuwa ce, in tana kan Allah mai rai, ta isa. A Markus 9 wani uba ya kawo ɗansa mai aljan, ya furta bangaskiyarsa da rashin bangaskiyarsa a numfashi guda, ya roƙi taimako. Yesu bai ce ya je ya ƙaro ba. Ya warkar da yaron.

Mu dakata a kan Ibrahim, domin Sabon Alkawari ya mai da shi abin misali, maƙwabtanmu ma suna girmama shi. Yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran bisa ga kiran Allah, yana da 100 sa'ad da aka haifi Ishaku. Shekara 25 ke nan na jira. A cikinsu sau biyu ya ɓoye cewa Saratu matarsa ce don tsoron a kashe shi, a Masar da kuma a Gerar. Ya bi shawarar ɗaukar Hajaratu domin ya taimaki alkawarin da dabararsa. Ya yi dariya da aka ce masa tsohuwar matarsa za ta haihu. Idan ƙarfin zuciyar Ibrahim ne tushe, ginin ya rushe tun da wuri. Amma a duba Farawa 15. A aya 6 aka ce ya gaskata Ubangiji, aka lasafta masa wannan adalci ne. Daga nan aka yanka dabbobi aka tsaga su biyu, bisa ga al'adar ƙulla alkawari ta wancan zamani, inda masu alkawari sukan ratsa tsakanin tsagin, wato suna kiran irin wannan ƙarshe a kansu in sun ci amana. Barci mai nauyi ya kama Ibrahim. Abin da ya ratsa tsakanin naman shi ne tanderu mai hayaƙi da harshen wuta, alamar kasancewar Allah. Allah kaɗai ya ɗauki rantsuwar. Marubucin Ibraniyawa ya ɗora a kan wannan gaskiya a sura 6, inda ya tuna da rantsuwar da Allah ya yi wa Ibrahim daga baya, ya ce tun da babu wanda ya fi shi girma, sai ya rantse da kansa. Bulus kuma ya lura a Romawa 4 cewa an lasafta wa Ibrahim adalci tun kafin kaciya, a Galatiyawa 3 kuma ya ce Shari'a ta zo ne shekara 430 bayan alkawarin. Ba wani aikin ibada da Ibrahim ya gabatar aka biya shi da shi.

To, ga amsar da za mu kai wa gwauruwar nan. Ba a auna bangaskiyarta aka tarar ta gaza ba. Ta kai mijinta ga Allah amintacce, shi kuwa bai taɓa alkawarta cewa kowane mai bi zai tashi daga kowace cuta a wannan duniya ba. Abin da ya alkawarta shi ne tashin matattu, wannan kuwa yana nan.

Abin da Allah ya faɗa, da abin da ya aikata

Ta yaya muka san Allah amintacce ne? Halitta tana shaida ikonsa da allahntakarsa, kamar yadda Romawa 1 da Zabura 19 suka koyar, shi ya sa ba a rasa sanin Mahalicci a cikin kowace al'umma. Amma halitta ba ta gaya wa mai zunubi ko za a gafarta masa. Damina mai albarka da ambaliya duk daga sama guda suke saukowa. Domin mu san zuciyar Allah game da mu, dole shi ya yi magana. Ibraniyawa 1 ta ce ya yi magana ta bakin annabawa a lokatai dabam dabam, a ƙarshe kuma ya yi magana ta wurin Ɗansa.

Nan ne bangaskiyar Kirista take da siffarta ta musamman, nan ne kuma ya kamata mai hidima ya iya magana da maƙwabcinsa Musulmi da gaskiya da ladabi. Akwai abubuwan da muka haɗu a kansu. Mu ma mun shaida Allah ɗaya ne. Maimaitawar Shari'a 6:4 ta faɗa, Yesu kuma ya maimaita ta a Markus 12 a matsayin farkon umarnai. Kirista da ya bar maƙwabcinsa yana zaton muna bauta wa alloli uku bai yi wa bishara adalci ba. Haka kuma sa'ad da muka ce Ɗan Allah, ba ma nufin haihuwa ta jiki irin ta miji da mata. Wannan tunani saɓo ne a gare mu kamar yadda yake a gare su. Amma akwai inda muka rabu, ɓoye shi kuma rashin gaskiya ne. Malaman Musulunci suna koyar da cewa ba a gicciye Annabi Isa ba. Mu kuwa dukan begenmu yana kan cewa an gicciye shi a zamanin Fontiyus Bilatus, ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku.

Bulus bai ɓoye nauyin da ya ɗora a kan wannan ba. A 1 Korintiyawa 15, wasiƙar da ya rubuta kimanin shekara 25 bayan gicciyewar, ya jera waɗanda suka ga Ubangiji a raye: Kefas, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun, Yaƙub, dukan manzanni, sa'an nan shi kansa. Ya kuma ce in tashin bai faru ba, wa'azinsa da bangaskiyar masu karatunsa duk aikin banza ne. Mutumin da yake son a gaskata shi a makance ba ya ambaton shaidun da za a iya zuwa a tambaya. Bangaskiyarmu tana tsaye a kan abin da ya faru a wani gari, a wata shekara, a gaban mutane.

Ikkilisiyar farko ta sha gwagwarmaya kafin ta daidaita kalmomin da za ta bayyana wannan. Ariyus, wani firist a Iskandariya ta Masar, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, ko da yake mafi girma cikin halittu. Majalisar Nikiya a 325 ta ƙi wannan, ta shaida cewa Ɗan ainihinsa ɗaya ne da Uban. Majalisar Kustantiniya a 381 ta tabbatar da haka, ta kuma faɗaɗa shaida a kan Ruhu Mai Tsarki. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, an kore shi daga kujerarsa sau biyar saboda wannan magana. Ɗalibi yana iya ganin gardamar tsofaffi ce kawai. Amma hujjar Atanasiyus ta shafi batunmu kai tsaye: Allah kaɗai yake ceto, Allah kaɗai ya cancanci mutum ya ba shi amanar ransa. In Yesu halitta ne, dogara gare shi bautar halitta ce, gadar kuwa ba ta kai ƙetare ba.

Gimi

Tarihin ƙasarmu yana da abin da zai gyara mana tunani a kan bangaskiya da jin daɗi. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. An kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi wajen ƙasar Ningi, maƙwabciyar Birnin Kudu da Gwaram. Ba Kirista ba ne su a lokacin, a matsayin Musulmi suke ganin kansu. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Walta Mila na mishan ɗin CMS a Zariya, suka ji bishara, da dama suka karɓa, aka kafa musu zango a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga zangon ya kashe mutane da yawa. Waɗanda suka ragu suka koma Zariya, kuma suna cikin tushen jama'ar masu bi da daga baya ta zauna a Wusasa.

Haka ma farkon SIM, wadda ECWA ta fito daga aikinta a 1954. Samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Legas a ƙarshen 1893. Kafin 1894 ta ƙare biyu na farkon sun mutu, daga baya kuma Bingham ya koma gida da ciwo.

Me mai wa'azin nan na rediyo zai ce game da mutanen Gimi? Bangaskiyarsu ce ta gaza? Ibraniyawa 11, surar da muke kira ta jarumawan bangaskiya, ta riga ta amsa, sai dai mun saba tsayawa a tsakiyarta. Daga aya 32 tana lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka ci mulkoki, suka tsira daga zakoki da wuta da takobi. A tsakiyar aya 35 sai ta juya, ba tare da ta canza kalmar ba, zuwa waɗanda aka azabtar, aka jajjefe, aka kashe, suka yi yawo a jeji da kogwanni. Dukansu an yi musu shaida guda. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri. Shi da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Muna yi wa marasa lafiya addu'a da gaba gaɗi, gama Yaƙub 5 ta umarce mu, Allah kuwa yana warkarwa. Abin da ba mu da izninsa shi ne mu yi alkawari da sunan Allah a kan abin da bai alkawarta ba.

Manoman gero sun san binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari. Masu wa'azi suna son wannan misali, yana kuwa da kyau wajen nuna aiki bisa abin da ido bai gani ba tukuna. Sai dai a yi hattara da shi. Mai binne yana iya asarar irinsa, gama babu wanda ya yi masa alkawarin ruwa a wannan mako. Annabi Habakuk, wanda Sabon Alkawari ya ɗauko maganarsa a kan rayuwa ta wurin bangaskiya har sau uku, ya rufe littafinsa da hoton shekarar da gonaki suka ƙi, garke ya ƙare, shi kuwa yana murna da Allah Mai Cetonsa duk da haka.

Laya a ƙarƙashin riga

Bangaskiyar da take dogara ga Allah ba ta raba amana biyu. Sanannen abu ne cewa waɗansu 'yan ikkilisiya suna zuwa sujada ran Lahadi, ran Litinin kuma su nemi boka saboda ciwon yaro ko tsoron maita, ko su ɗaura wa jariri laya. Tsawa daga bagade ba ta cika raba su da wannan ba, sai dai ta koya musu ɓoyewa. Mai yin haka yana yin abin da Ahaz ya yi ne: bai bar Allah ba, amma yana ganin akwai fannin da ikon Allah bai kai ba, ko kulawarsa ba ta kai ba. Maganin shi ne a koya masa wane ne Almasihu, a nuna masa daga Kolosiyawa 2 cewa a kan gicciye an tuɓe wa ikokin duhu makamansu. A Afisa, bisa ga Ayyukan Manzanni 19, masu bi da kansu suka fito da littattafan sihirinsu suka ƙone, bayan sun ga ikon sunan Yesu. A kuma bambanta musu wannan da zuwa asibiti. Kai mara lafiya Birnin Kudu wurin likita ba raba amana ba ne. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa.

Sai batun ayyuka, wanda ba za mu tsawaita ba domin yana da nasa darasi. Afisawa 2:8-10 ta ɗaure bakin zaren: ceto ta alheri ne, ta wurin bangaskiya, ba sakamakon ayyuka ba, amma an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Bulus yana yaƙi da mai son ya sayi ceto, Yaƙub yana yaƙi da mai cewa yana da bangaskiya alhali ɗan'uwansa yana kwana da yunwa. A wurin da masu bi suke 'yan kaɗan, maƙwabta ba sa karanta littattafanmu. Mudunmu suke dubawa, da yadda muke biyan bashi.

Mai shakka a ajin baftisma

Tun da bangaskiya baiwa ce ta Allah, wadda Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa ta wurin jin Maganar, aikin mai hidima yana da iyaka, wannan kuwa hutu ne a gare shi. Ba a aiko mu mu matsa wa kowa ba, balle mu saye shi da hatsi ko kuɗin makaranta. Namu shi ne mu faɗi labarin Almasihu sarai, cikin Hausar da mutum zai gane, da tawali'u da ban girma kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce, mu yi addu'a, mu jira.

Idan kuma wani a ikkilisiya ya zo da shakka, kada mu firgita, kada kuma mu kunyata shi a gaban jama'a. Yahaya Maibaftisma, yana kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan. Ubangiji ya amsa masa da abin da ake gani ake ji, makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara, sa'an nan ya yabe shi a gaban taro. Toma ya ƙi yarda har mako guda, yana nan kuwa cikin 'yan'uwa sa'ad da Ubangiji ya sāke bayyana. Ba su kore shi ba.

Wannan ya shafi irin tambayoyin da dattawa suke yi wa masu neman baftisma. Sau da yawa akan tambayi mutum ko ya tabbata bangaskiyarsa tana da ƙarfi, ko zai iya jimrewa in an tsananta masa. Mai gaskiya zai yi shiru, mai cika baki zai ce i, Bitrus ma ya ce i a daren da ya yi musu sau uku. Ya fi kyau a tambaye shi wane ne Yesu, me ya yi dominsa, da abin da yake dogara gare shi domin gafarar zunubansa. In amsarsa ta koma ga zuwansa sujada, ko barin giya, ko sunan mahaifinsa da yake dattijon ikkilisiya, sai a ƙara zama da shi a kan Romawa 3 zuwa 5. In kuwa ta koma ga Almasihu da gicciyensa da tashinsa, ko da muryarsa tana rawa, a sa ranar baftismarsa.